Ɗaga Ƙarfe da Ciwon Sukari: Abin da Ya Kamata a Auna da Lokacin Auna Shi

"Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da yadi, shekarata 51. Shekara huɗu ke nan da aka gano ina da ciwon sukari nau'i na biyu, kuma ina shan metformin da glibenclamide. Wata biyu da suka wuce na fara zuwa inda samarin unguwarmu suke ɗaga ƙarfe, bayan la'asar, sau uku a mako. Abin da ya dame ni shi ne nauyina yana nan kilo 88, bai ragu ba. Wata rana na gwada sukarina kafin in fara na ga 150, da na gama na sake gwadawa sai na ga 185. Wani dare kuma na farka cikin gumi da karkarwa, sai da na sha shayi mai sukari na dawo daidai. Abokaina suna cewa wannan aikin yara ne, zai ma jawo mini hawan jini. In ci gaba ko in daina? Idan zan ci gaba, ta yaya zan gane ina samun amfani?"

Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara lafiya. A fahimtata abubuwa uku ka haɗa a tambayarka: sikelin da ya ƙi motsi, sukarin da ya hau bayan ka gama atisaye, da daren da ka farka cikin gumi. Biyun farko su ne suka sanyaya maka gwiwa, amma a aikina na fisiyo, inda nake tsara wa masu ciwon sukari motsa jiki, ba su ne suke tayar mini da hankali ba. Na ukun, wanda ka ambata a taƙaice, shi ne yake buƙatar ka ga likitanka cikin makon nan. Amsata ita ce ka ci gaba, amma da gyara a yadda kake yin atisayen, da gyara mafi girma a abin da kake aunawa.

Abin da tsoka take yi da sukari

Idan mutum ya ci tuwo ko shinkafa ko burodi, jiki yakan mayar da abincin sukari, sukarin ya shiga jini, daga nan kuma dole a sami inda za a kai shi. Gwaje-gwaje sun nuna cewa a lokacin da insulin, wato sinadarin da jiki yake fitarwa don ya rage sukarin jini, yake kan aikinsa sosai, kimanin kashi 80 cikin ɗari na sukarin da ake kwashewa daga jini tsoka yake shiga. Tsoka ita ce rumbun sukarin jiki: idan rumbun ƙarami ne, ko bakinsa ya toshe, hatsi a waje zai zube. A ciwon sukari nau'i na biyu tsoka ba ta jin umarnin insulin yadda ya kamata, shi ya sa sukari yake taruwa a jini alhali insulin ɗin yana nan.

A cikin ƙwayoyin tsoka akwai wasu sinadarai da masana suke kira GLUT4, waɗanda aikinsu shi ne shigar da sukari ciki. Abu biyu ne suke tayar da su. Ɗaya insulin ne, ɗayan kuma aikin da tsokar take yi idan ta ja ko ta tura nauyi. Wannan hanya ta biyu ba ta jiran insulin, kuma tana nan da ƙarfinta ko a jikin wanda ya daɗe da ciwon. Bayan an gama atisaye tsoka takan ci gaba da jin insulin fiye da da, na tsawon kwana ɗaya zuwa uku, sannan amfanin ya dushe. Dalilin ke nan da Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka take ba da shawarar kada mai wannan ciwo ya wuce kwana biyu a jere bai motsa jiki ba, ya samu minti 150 a mako na irin tafiya da sauri, sannan ya yi atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu ko uku a mako, a ranakun da ba sa bin juna.

Batun cewa aikin yara ne kuwa, kai ka fi samarin nan buƙatarsa. Daga shekara 30 zuwa sama tsoka takan ragu da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, raguwar takan ƙara sauri bayan shekara 60, kuma ciwon sukari yana ƙara mata gudu. Mutumin da yake wuni zaune a shago, ya hau babur ko mota zuwa gida, ba ya ba cinyoyinsa wani aikin da zai sa jiki ya ga dalilin riƙe su.

Gwargwadon amfanin da za a sa rai

Ba na son in cika maka baki, domin wanda aka yi wa alƙawarin warkewa shi ne yake fara dainawa. A 2007 Ronald Sigal da abokan aikinsa a Kanada sun fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan mutum 251 masu irin ciwonka. Bayan wata shida, masu ɗaga ƙarfe kaɗai sun sami raguwar 0.38 a gwajin HbA1c, wato gwajin jinin da yake nuna matsakaicin sukari na kimanin wata uku, idan aka kwatanta da waɗanda ba su yi komai ba, masu atisayen numfashi irin gudu da tuƙa keke suka sami 0.51, waɗanda suka haɗa biyun kuma suka ƙara kusan rabin maki a kan haka. A 2010 Timothy Church a jihar Luwiziyana ta Amurka ya bi mutum 262 na wata tara, ya daidaita lokacin da kowane rukuni yake ɓatarwa, sai ya ga rukunin da ya haɗa nau'i biyun ne kaɗai ya sami raguwar da za a iya tsayawa a kanta, wato 0.34. Inda sukari ya fi hawa tun farko, raguwar takan fi haka: wani binciken 2002 a Boston, a kan dattawa 62, ya ga HbA1c ya sauko daga 8.7 zuwa 7.6 a cikin mako 16 na ɗaga ƙarfe ƙarƙashin kulawa.

Abin da nake ɗauka daga waɗannan alƙaluma shi ne raguwar rabin maki zuwa maki ɗaya a HbA1c, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kusan gwargwadon abin da ƙarin ƙwayar magani ɗaya take bayarwa ke nan. Sannan ƙarfe shi kaɗai bai kai ƙarfe da tafiya ba. Idan a yanzu ba ka tafiyar ƙafa, ka ƙara minti goma zuwa sha biyar bayan cin abinci, musamman na dare.

Lamba 185 da daren gumi

Hawan da ka gani daga 150 zuwa 185 sananne ne. Idan mutum ya yi yunƙuri mai ƙarfi, jiki yakan saki sinadarin adirenalin, shi kuma ya umarci hanta ta zuba sukarin da ta adana a cikin jini, a wasu lokuta fiye da abin da tsoka take ƙonawa a wannan ɗan lokacin. Yawanci cikin awa ɗaya zuwa biyu yakan sauka da kansa. Gwajin da aka yi ana gama ajiye ƙarfe ba ya nuna ko atisayen yana amfani, kuma kada ka taɓa ƙara ƙwayar magani saboda shi. Gumin hannu da ragowar abin da ka taɓa ma suna iya ɓata sakamako, saboda haka a wanke hannu a busar kafin a huda yatsa.

Daren gumin shi ne ɗaya ɓangaren labarin. Bayan atisaye tsoka takan shafe sa'o'i tana janye sukari daga jini don ta mayar da abin da ta kashe, kuma wannan janyewa takan kai tsakar dare ga wanda ya yi atisaye da yamma. Metformin shi kaɗai da wuya ya faɗar da sukari ƙasa da ƙima. Glibenclamide kuwa, wanda mutane da yawa suka fi sani da sunan Daonil, yana tilasta wa jiki ya fitar da insulin ko akwai buƙata ko babu, kuma yana daɗewa a jiki. Idan aka haɗa shi da atisayen yamma da abincin dare mara yawa, sai a sami abin da ka bayyana. Ba ka gwada ba a daren, don haka ba zan yanke hukunci ba, amma gumi da karkarwa da suka tafi bayan shan sukari alama ce mai ƙarfi ta faɗuwar sukari. Ka gaya wa likitanka wannan dalla-dalla. Yana iya rage yawan maganin, ko ya sauya lokacin shansa, ko ya mayar da kai kan wani ɗan'uwansa irin gliclazide wanda haɗarinsa bai kai haka ba. Kada ka yi wannan sauyin da kanka.

Kafin ka gan shi, ka riƙe waɗannan lambobi. Ƙasa da 70 faɗuwar sukari ce: ka sha babban cokali ɗaya na sukari ko zuma a ruwa, ko rabin ƙaramar kwalbar lemo mai sukari, ka jira minti 15 ka sake gwadawa, idan bai hau ba ka maimaita, sannan ka ci abinci mai riƙe ciki, domin da glibenclamide faɗuwar tana iya dawowa. Idan kafin atisaye ka ga ƙasa da 90, ka ci wani abu tukuna, kamar ayaba ɗaya ko dabino uku. Idan ya haura 250 kuma kana jin kasala ko ƙishirwa mai tsanani ko tashin zuciya, ka bar atisayen ranar ka nemi asibiti. A ranakun atisaye ka gwada kafin ka kwanta. Ka riƙa zuwa da sukari a aljihu, kuma ka sanar da ɗaya daga cikin samarin da kuma iyalinka abin da za su yi idan suka ga ka rikice. Wanda ya fita hayyacinsa ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake kai shi nan take. Waɗannan lambobi na ma'aunin mg/dL ne; masu na'urar da take ƙirga da mmol/L su raba su da 18, wato 70 ya zama 3.9, su kuma 'yan'uwanmu na Nijar da ake rubuta musu sakamako da g/L, 70 shi ne 0.70.

Abin da za a duba kafin a ƙara nauyi

Maganar abokanka a kan hawan jini tana da tushe a wuri ɗaya. A daidai lokacin da mutum ya riƙe numfashi ya yi yunƙurin ɗaga abu mai nauyi sosai, jini yakan hau ƙwarai na 'yan daƙiƙoƙi. A tsawon watanni kuwa, atisayen da aka yi shi daidai yakan ɗan sauko da hawan jini. Maganin matsalar shi ne ka fitar da numfashi yayin da kake ɗagawa, ka shaƙa yayin da kake saukewa, kuma ka guji nauyin da ba za ka iya ɗaga shi sau takwas ba sai da nishi. Gasar wa ya fi ɗaga mai nauyi, wadda ba a rasa ta a irin waɗannan wurare, ka bar wa samarin. Idan awon jininka kana hutawa ya wuce 160/100 ka nemi shawarar likita kafin ka ci gaba, idan ya kai 180/110 kada ka taɓa ƙarfe sai an daidaita shi.

Abin da na fi jin tsoro shi ne ido. Ciwon sukari yana lalata ƙananan jijiyoyin jini da ke bayan ido, kuma a mataki mai tsanani wasu sababbin jijiyoyi marasa ƙwari sukan tsiro a wurin, waɗanda yunƙuri zai iya fasa su jini ya zuba cikin ido. Mutum yana iya kaiwa wannan mataki yana gani garau. Idan a shekara huɗun nan ba a taɓa ɗiga maka magani an buɗe ƙwayar idon an leƙa bayansa ba, ka je asibitin ido a yi maka, kuma ka riƙa maimaitawa kowace shekara. Gwajin gilashi da ake yi ta karanta haruffa a bango ba ya maye gurbin wannan.

Sai ƙafa. Idan kana jin tafin ƙafarka kamar ya mutu, ko yana zafi da dare, ko kamar ana tsira maka allura, jijiyoyin ji sun fara taɓuwa, kuma za ka iya jin rauni ba ka sani ba. Kada ka yi atisaye da silifa ko ba takalmi. Ka sa takalmi rufaffe da safa, ka zazzage shi kafin ka sa, ka duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare. Na sha ganin gyambon da ya kwantar da magidanci watanni, asalinsa ɗan kumburin da sabon takalmi ya yi. Game da zuciya kuma, ciwon ƙirji, ko numfashin da ya fi ƙarfin aikin da ake yi, ko jiri, duk dalilai ne na tsayawa nan take a nemi likita, domin ciwon zuciya a jikin mai sukari ba kullum yake zuwa da zafi mai tsanani ba.

Tsarin da nake ba irinka

Yawancin wuraren ɗaga ƙarfe na unguwa damtse da ƙirji suka sa a gaba, alhali manyan tsokokin jiki suna cinya da mazaunai da gadon baya. Idan sukari kake nema ya sauka, rabin lokacinka ya tafi a ƙasan jiki. Ka fara da minti biyar zuwa goma na tafiya don jiki ya ɗumama. Sannan ka yi zama da tashi a kan kujera, daga baya ka riƙe nauyi a ƙirji kana yi. Ka yi hawa da sauka a kan dakali ko matakala, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ka kwanta rigingine ka lanƙwasa gwiwa ka riƙa ɗaga ƙugu sama. Ka yi ɗage a kan yatsun ƙafa kana dafe da bango. A saman jiki kuma abu uku sun isa: turawa, ko da bango ne ko benci kafin a kai ga ƙasa, da jawo nauyi zuwa ciki kana dafe da benci, da ɗaukar nauyi a hannu biyu ka yi tafiya da shi a miƙe.

Kowanne ka yi shi sau 10 zuwa 15, zagaye ɗaya ko biyu da farko, daga baya uku, da hutun minti ɗaya zuwa biyu a tsakani. Nauyin da ya dace shi ne wanda idan ka gama kake jin da sauran biyu ko uku a jikinka. Idan a zama biyu a jere ka iya ƙara biyu a kan adadin da ka saba, lokacin ƙarin nauyi ya yi, kuma ƙarin ya zama kaɗan, kilo ɗaya ko biyu. Gwangwanayen siminti da ake haɗawa da sandar ƙarfe suna aiki, matsalarsu ita ce babu wanda ya san nauyinsu. Ruwa ya fi su sauƙin lissafi, tunda lita ɗaya kilo ɗaya ce: jarka mai lita 10 za ka iya fara ta da lita shida ka riƙa ƙarawa. Robar tif ɗin babur da aka ɗaura a jikin ƙarfen taga tana yin aikin jawowa. Da waɗannan kayan mata da dattawan da ba za su je wajen samari ba suke yin atisayen nan a tsakar gida, kuma sakamakonsu ba ya kasa na kowa.

Akwai kuma abin da ya shafi zaman shago. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 2016 ya sa masu ciwon sukari su tashi duk bayan minti 30 na zama su yi minti uku na 'yar tsugunawa da ɗage da ɗaga gwiwa, sai aka ga hawan sukarinsu na bayan abinci ya ragu ƙwarai a kan na ranar da suka wuni zaune. Kai da kake tashi ɗauko bandir da auna yadi, wannan ba zai yi maka wuya ba.

Littafin da za ka riƙe

Yanzu ga ainihin tambayarka. Sikeli yana auna ƙashi da ruwa da tsoka da kitse da abincin da ke ciki gaba ɗaya, ya ba ka lamba ɗaya. Wanda ya fara ɗaga ƙarfe tsokarsa takan ƙara adana sukari, shi kuma wannan ajiyar da ruwa take tafiya, don haka yana iya rage kitse sikeli bai nuna ba. Atisayen ƙarfi ma dai ba ya cin kitse da yawa. Rage nauyi mai yawa daga kwanon abinci yake zuwa. Ka hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe, kafin karyawa, ka rubuta ka wuce.

Ka sayi ƙaramin littafi ka raba kowane shafi gida biyu. A ɗaya gefen ka rubuta kwanan wata, da sunan kowane atisaye, da nauyin, da sau nawa ka yi a kowane zagaye, da yadda ka ji wahalarsa daga 1 zuwa 10. Wannan gefen shi ne yake fara nuna ci gaba. A makonni huɗu zuwa shida na farko ƙarfin da yake ƙaruwa yawancinsa daga jijiyoyi ne da suke koyon sarrafa tsokar, girman tsokar kuma sai bayan wata biyu zuwa uku yake fara bayyana. Idan jarkar da ka fara da lita shida yanzu lita tara kake ɗauka, jikinka ya sauya, ko madubi bai gaya maka ba.

A ɗaya gefen sai sukari, kuma tunda tsinken gwaji yana da tsada, kowanne a kashe shi a kan tambaya. Gwajin safe kafin a ci komai, sau biyu ko uku a mako, ɗaya washegarin atisaye ɗaya washegarin hutu, zai nuna maka bambancin da atisayen yake kawowa. Abin da ake nema ga yawancin manya shi ne 80 zuwa 130. Sau ɗaya a mako ka yi gwaji biyu a kan abinci ɗaya, kafin ka fara ci da awa biyu bayan farawa, inda ake son kada ya wuce 180. Idan ka yi wannan a kan tuwon dare iri ɗaya, yau da tafiyar minti goma bayansa, wani makon babu, za ka ga tasirin da idonka. Ka rubuta abin da ka ci, da lokacin shan magani, da duk abin da ya saɓa wa al'ada, kamar zazzaɓi ko rashin barci ko ɓacin rai, domin duk suna ɗaga sukari. Kada lamba ɗaya ta ruɗe ka. Na'urorin gida an yarda musu kuskuren da ya kai kashi 15 cikin ɗari, kuma tsinken da ya sha zafin mota ko aka bar gwangwaninsa a buɗe yakan yi ƙarya. Abin dubawa shi ne inda lambobin mako huɗu suka dosa.

Sau ɗaya a wata ka yi awo biyu. Na farko ƙugu ne, da tef ɗin tela, a tsakanin ƙashin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, bayan ka fitar da numfashi ba tare da ka shanye ciki ba. Kitsen tumbi shi ne ya fi alaƙa da ƙin jin insulin, kuma ƙa'ida mai sauƙi ita ce kewayen ƙugu ya gaza rabin tsawon mutum. Na biyu shi ne zama da tashi: kujera marar hannu a jingine da bango, hannuwa a harɗe a ƙirji, wani ya riƙe agogo ya ƙirga sau nawa ka miƙe sosai ka zauna cikin daƙiƙa 30. Ga namiji mai shekara 60 zuwa 64, ƙasa da 14 ana ɗaukarsa rauni ne, kai kuwa ya kamata ka wuce haka, amma da lambarka ta watan jiya za ka riƙa yin gasa. A wajen aiki nakan ƙara da awon ƙarfin damƙa, domin wani babban bincike da aka fitar a 2015, a kan mutum kusan 140,000 a ƙasashe 17, ya nuna kowace raguwar kilo biyar a ƙarfin damƙa tana tafiya da ƙarin kashi 16 cikin ɗari na haɗarin mutuwa.

Sai gwajin HbA1c, wanda ake yi duk wata uku, domin yana auna sukarin da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini ne, su kuma kimanin kwana 120 suke rayuwa. Ga yawancin manya ana neman ƙasa da 7. Wata biyu da ka yi bai isa a yanke wa atisayenka hukunci da shi ba. Akwai kuma abin lura a yankinmu: duk abin da yake rage kwanakin jajayen ƙwayoyin jini, kamar cutar sikila, ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko zubar jini, ko ƙarin jini da aka yi kwanan nan, yana iya sa lambar ta fito ƙasa da gaskiya, ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini kuma yana iya ɗaga ta. Wasu na'urorin ma sukan rikice da jinin mai AS ko AC. Idan sakamakon bai yi daidai da abin da littafinka yake nunawa ba, ka gaya wa likita ko jininka AA ne ko AS ko AC.

Zafi, azumi da abinci

A bazara, daga Maris zuwa Mayu, ka mayar da atisayen sassafe bayan ka ɗan karya, ko ka rage shi, kuma ka sha ruwa kafin da bayan, domin ƙarancin ruwa yana ɗaga sukari. A watan Ramadan kada ka ɗaga ƙarfe a sa'o'in ƙarshe kafin buɗa baki, lokacin ne sukari ya fi saurin faɗuwa. Ka bari sai bayan an sha ruwa da awa ɗaya ko biyu, ka rage zagaye, ka kuma lissafa tarawihi cikin motsin jikin ranar. Jagororin da Tarayyar Ciwon Sukari ta Duniya ta fitar a kan azumi sun ce a karya idan sukari ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, kuma huda yatsa don gwaji ba ya karya azumi. Mai shan glibenclamide ya ga likita tun kafin watan ya kama.

Tsoka tana buƙatar abin gina ta: wake, ƙwai, kifi, awara, gyaɗa, nono marar sukari, nama gwargwadon hali, a rarraba su cikin abincin yini. Ba ka buƙatar garin furotin da samari suke saya, kuma ka nisanci allurai da ƙwayoyin ƙara tsoka ko ƙiba da ake sayarwa a ɓoye, domin wasunsu suna haukata sukari su lalata hanta. Idan gwaji ya nuna ƙodarka ta taɓu, yawan furotin ɗin ma sai likita ya ƙayyade maka.

Ban gan ka ba, ban auna jininka ba, ban leƙa idonka ko na taɓa ƙafarka ba, saboda haka duk abin da na faɗa tsari ne na gaba ɗaya wanda likitan da ya san ka zai daidaita. Idan za ka je wurinsa, ka tafi da littafin da kwalayen magungunanka, ka ba shi labarin daren gumin da lokacin da ka sha magani da abin da ka ci a ranar, ka nemi a yi maka HbA1c yanzu don ka sami lambar da za ka kwatanta da ta wata uku masu zuwa, tare da gwajin ƙoda da takardar zuwa asibitin ido. Har zuwa lokacin da sakamakon idon zai fito, ka rage nauyin da kake ɗagawa zuwa wanda za ka iya yin sa sau 15 kana magana.